Ruwan da ke Ƙarƙashin Gonar Surukina

Bana ma sama ta yi mana rowa. Hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsun Zuru, iska ta taso ta kwashe shanyar mutane, mata su fito da bokitai su jera a ƙarƙashin indararo, can kuma sai ka ga ya watse ba ko ɗigo. Tun farkon watan nan nake zama a ƙofar gida bayan la'asar ina kallon gabas kamar mai gona goma, alhali rabona da garma har na manta.

Ina cikin wannan zaman takarda ta same ni, ta waya ma aka turo ta, sai da na nemo tabarau. Wani da ya taɓa aiki a ƙarƙashina ne ya ba da sunana. Wai an kafa kwamiti da zai tsara ƙa'idojin haƙa rijiyoyin burtsatse, inda za a haƙa da inda ba za a haƙa ba, kuma ana son masu ilimin ƙasa da duwatsu su zauna a ciki, su yi magana tun kafin a rubuta doka. Ya bugo ya ƙara mini bayani. Ya ce yanzu ƙofa a buɗe take ga irinmu: akwai masu zuwa majalisa su yi watanni suna ba da shawara, akwai masu zama a kan maganar haƙar zinari, akwai na ambaliya. Zaman farko ranar Litinin ne a Birnin Kebbi, in ba shi amsa kafin sallar Juma'a. Na ce to, zan yi shawara. Na ajiye wayar na rasa abin da ke mini daɗi. Ni dai ƙasa na sani. In ka miƙo mini dutse zan ba ka labarinsa tun daga kakanninsa, amma ɗakin taro ban taɓa gane kansa ba. An taɓa ajiye mini kujera a irin wannan ɗaki, ban je ba, ƙauyenmu ya rasa rijiya, kuma na tsufa ban gama sanin laifin wa ne ba.

Shekarar ita ma haka ta fara. Ina saurayi, ban daɗe da gama jami'a ba, aka ɗauke ni aikin neman ruwa aka turo ni gida. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato. Mutanen ƙauyenmu, can bayan dutse ta hanyar Mahuta, ba su taɓa gane abin da na karanta ba. Inna, mahaifiyata, in an tambaye ta sai ta ce, "Dutse ya tahi karantawa. Duk wanda ke bayan gida bai ishe shi ba." A ƙarshe gari ya daidaita a kan Injiniya. Na yi ta gyarawa har na gaji na karɓa.

Daminar da ta gabata ba ta cika rumbu ba, don haka tun kafin zafi ya kankama aka fara auna dawa da ƙoƙo. Sai rijiyar gari ta ƙafe. Da farko guga yana dawowa da taɓo, daga baya ya koma yana buga dutse yana dawowa a bushe. Zafin shekarar nan ban sake ganin irinsa ba. Tun da hantsi duwatsu sun ɗauki wuta, da azahar ko ƙadangare ba ka gani a kansu, kaji su buɗe baki su lafe a gindin rumbu. In ka kishingiɗa a tabarma ka tashi, sai ka tarar gumi ya zana ka a kanta.

Mata suka koma rafi, tafiyar da in an fita bayan sallar asuba sai hantsi ya dubi ludayi ake dawowa. Rafin ma ba ruwa a samansa. Yashi ake tonawa har rami ya kai ƙugu, a zauna a jira ruwa ya tsatso, a riƙa kwasa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. Inna takan dawo da tulu ɗaya, wuyanta a sage, ta sauke ta zauna a ƙasa. Ruwan ja ne, sai an bar shi ya kwanta. Kuma yana da tsarinsa: na sha daban, na tuwo daban, na alwala rabin buta. Wanda aka wanke tsaba da shi a wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka a ba awaki. Wanka ya zama na ranar Juma'a. Tuwo sau ɗaya ne, da yamma, da miyar kuka wadda daddawa ta leƙa kawai ta wuce. Da rana a dama garin ɗorawa a sha, baki ya yi rawaya, ciki ya yi shiru na ɗan lokaci. Da kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya, har malalatan gari suka koyi sammako.

Aikina kuwa, ga wanda bai sani ba, ya fi kama da na mai taɓin hankali. Ni da leburori biyu muna yawo da akwati mai allura, da batir, da doguwar waya, da turakun ƙarfe. A kafa turaku a jere, a saki wuta cikin ƙasa, in duba allura in rubuta, a cire a matsa gaba. Ƙasarmu ba irin ta wajen Argungu ba ce, inda yashi ke riƙe da ruwa ko'ina. Mu a kan dunƙulallen dutse muke zaune, ruwa kuma ba ya zama sai inda dutsen ya tsage ko ya ruɓe. Ka kauce wa tsagar da taku ashirin, za ka haƙa har ka gaji ba ka fitar da komai ba sai gari. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne, ƙasa ta bushe ta yadda wuta ba ta ratsa ta sai an jiƙa gindin kowane turke da ruwan gishiri.

Wata rana Inna ta dawo daga rafi ta tarar da ni a bayan gari ina tsiyaya ruwa a gindin ƙarfe. Ta tsaya da tulu a ka.

"Bawa, ruwan wa kaka ba ƙasa?"

"Na ofis ne, Inna. A jarka muka taho da shi daga Zuru."

"To, ofis ɗin ba shi da uwa mai jin ƙishi?"

Ta wuce ba ta jira amsa ba. Kunya ta kama ni har na kasa karanta allurar.

Na auna tsakar ƙauyenmu gaba da baya, dutse ne zalla. Na auna bakin masallaci, na auna bayan makaranta, duk labari ɗaya. Wuri guda allura ta nuna alheri: can ƙasan wata gona, inda wani ɓaure ya ƙi zubar da ganye duk zafin nan, tafiyar da ba ta fi ta shan rake ɗaya ba daga gari. Na sake aunawa sau uku, ina fatan na yi kuskure. Ba kuskure. Na kafa turken itace na shafa masa jan fenti ba da son raina ba, don gonar ta Baba Dudu ce, mahaifin Kande, wadda nake nema.

A wajenmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa surukinsa noma. Golmo muke ce masa, a da shekara bakwai ake yi. Samari kan haɗu rukuni guda, yau a gonar surukin wannan, jibi a ta surukin wancan. Baba Dudu ya musulunta tun da daɗewa, bai taɓa barin salla ba, amma golmo bai sake shi ba. Ya aiko aka ce mini, tunda ni ɗan boko ne ya rage mini zuwa damina biyu, yana so dai ya ga ko hannun da ya riƙe biro zai riƙe garma. Na yi ta farko, wannan ce ta ƙarshe. Kuma aike ne kaɗai tsakaninmu. Mutum ba ya magana da surukinsa baki da baki, shi ma ba ya yi maka. In na hango shi a hanya sai in ratse, in cire takalmi in durƙusa har ya wuce. Saboda haka ban taɓa gaya masa na kafa turke a gonarsa ba, ko da yake duk gari sun gani. Na kuma san abin da rijiya ke yi wa gona: hanya ta ratsa ta, mata da tuluna, shanu da kofato, wurin da yake shuka shinkafa da gwaza ya zama dandali. Na rubuta komai a rahoto, da taswira, na miƙa a ofis, na bar wa Allah.

Ruwan farko ya yaudare mu. Ya sauka, aka fita aka yi shuka, dawa ta leƙo, sai sama ta ɗauke. Mako uku muna kallon ganye yana nannaɗewa har ya ƙone. Aka koma rumbu aka ɗebo daga abin da za a ci aka sake yin iri. Cikin haka azumi ya shigo. Ban san yadda zan kwatanta wa yaran yanzu, masu buɗa baki da ƙanƙara a leda, yadda ake jiran magariba a kan ruwan rafi mai ɗumi ba. Sai ranar goma ga wata, da la'asar sakaliya, iska mai sanyi ta taso, ƙamshin ƙasa ya riga ruwan isowa, aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Duk abin da ke da baki a gidan aka tara: tulu, kasko, turmi, har akushi. Na ga dattawa tsaye a tsakar gida ruwa yana dukansu, sun rufe baki gam don kada azumi ya karye. Bayan nan ruwa ya zauna. Aka sake shuka ta tsira, amma ciyawa ta riga ta tashi, kowa ya san in ba a yi noma cikin kwanakin nan ba an yi asarar iri na biyu.

Ranar wata Asabar shugabana a ofis, Malam Sani, ya kira ni. Bakabe ne, mutumin kirki, aikinsa fayil da sa hannu.

"Bawa, ran Laraba manya za su taho daga Sakkwato. Injin haƙa guda na, ƙauyuka ko da yawa. Za a zauna a tsara yadda za a yi. Na ce a aje maka kujera."

"Ni kuma, ranka shi daɗe? Ai na rubuta komi."

"Ka rubuta. Amma ka taho dai."

Da yamma na hau keke na koma ƙauye, na tarar da Ɗanjuma, shugaban rukuninmu na golmo, yana jirana a bakin hanya yana murmushi.

"Injiniya, ka wasa garma. Tsoho ya ce Laraba."

"Wace Larabar?"

"Laraba nawa gare ka a mako?"

Kaina ya ɗaure. Na ce ko za a ɗaga zuwa Alhamis. Ya dube ni kamar na ce a ɗaga Salla. An riga an gaya wa samari talatin, waɗanda na yi wa surukansu noma ɗaya bayan ɗaya, an gaya wa makaɗi, kuma wa zai je ya ce wa tsoho ranar da ya sa ba ta yi wa surukinsa ba? Wanda ya ƙi zuwa golmonsa na ƙarshe, ba mata kaɗai ya rasa ba, har 'yan gidansu sai sun sha gori. Kwana uku ina juya maganar. In na tuna wuyan Inna sai in ce taro zan je. In na hango Kande a layin masu zuwa rafi sai in ce gona. Na kai wa Inna maganar, ta ce, "Ba ka rubuta musu takarda ba? Su karanta mana. Manya ba su iya karatu?" Na ji daɗin wannan amsa don ita nake son ji. A gaskiya kuma a lokacin na ɗauka taro ba komai ba ne sai jawabi da tafi. Na ɗauka aikin gaske shi ne wanda na yi a rana da turaku, abin da ya rage kawai a bi taswira.

Ranar Talata na je na gaya wa Malam Sani. Ya daɗe yana kallon rahoton a kan tebur.

"Bawa, ni akawu na. In sunka tambaye ni maganar dutse, mi zan ce musu?"

"Duk yana ciki, ranka shi daɗe. Shafi na tara."

"Allah shi sa su kai shafi na tara."

Larabar ta waye ba hadari. Ƙasa a jiƙe, rana ta fito da ƙarfinta, tururi yana tashi daga kunyoyi. Muka jeru, makaɗi ya saki ganga, aka sunkuya. Rabinmu na azumi, rabi Kiristoci da masu bin na gargajiya, kuma in ɗayansu zai sha ruwa sai ya tafi nesa ya juya mana baya. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, kafin azahar ya fashe. Harshe ya manne a ganɗa, yawu ya ƙare, idona yana ganin taurari da rana tsaka. Ɗanjuma yana gefena yana ta tsiya: "Injiniya, biro ya hi sauƙi ko? Ka danna mata wuta mana ta nome kanta!" Ban iya ko dariya ba.

Wajen azahar layina ya kai ni ƙasan gonar. Ga turkena nan da jan fentinsa. Ƙasar wurin baƙa ce, mai sanyi a tafin ƙafa, garma tana shiga ba gardama. Na san abin da ke ƙarƙashin ƙafata, ni kaɗai a duk filin na san zurfinsa, ga maƙogwarona kamar an zuba toka. A lokacin Baba Dudu ya iso duba aiki, ya zauna a gindin ɓauren. Na saci kallonsa. Shi ma ni yake kallo, fuskar nan a murtuke, ba alamar jin daɗi, alhali mun kusa gama masa gona a yini ɗaya. Na rasa me na yi masa. Na ƙara sunkuyawa na ci gaba da noma.

Washegari na shiga ofis da hannu a naɗe da tsumma. Malam Sani ya ba ni labari tiryan-tiryan. Wata ma'aikaciyar lafiya ta tashi ta yi magana a kan matan da ke tafiyar rafi, masu ciki da masu goyo, da waɗanda ta karɓa a asibiti saboda wannan tafiya. Nan take aka amince da ƙa'ida: kowace rijiya a tsakar gari za a haƙa ta, inda mace za ta bar tukunya a wuta ta ɗebo ta dawo. Kuma ba za a haƙa a gonar kowa ba, don gudun rigima. Baƙin duk mutanen ƙasar yashi ne, a wajensu wannan magana daidai take. Wani dattijo a cikinsu ma ya tambaya ko akwai wanda ya san ƙasar nan. Aka dubi kujerata. Aka ɗaga rahotona, aka buɗe, aka ga zane-zane da lambobi, shugaban taro ya ce a sa a fayil za a duba a tsanake.

"To a gyara mana, ranka shi daɗe! Abin da za a ƙara kaɗan ne. A ce sai inda akwai dutse, shi ke nan."

"An sa hannu, Bawa. Takarda ta tahi tun jiya. Da kana nan ka hwaɗi haka, ko minti guda ba ta ɗauka."

Na rubuta wasiƙa, na sake rubutawa, ban taɓa samun amsa ba. Abin da ya fi rikita ni shi ne, ban sami wanda zan ji haushinsa ba. Matar nan gaskiya ta faɗa, uwata take karewa. Baƙin ba mugunta suka yi ba. Ni kaina, in na ce laifina ne, sai wata zuciyar ta ce wa ya tabbatar maka manya za su saurari yaro mai wando ɗaya? Ina cikin wannan lalube Ɗanjuma ya ba ni abin riƙewa, cikin wasa ma ya faɗa. Ya ce, "Tsohon ga akwai wayo. Duk kwanakin mako bai ga ta noma ba sai ranar taronku. Ga gona an nome, ga shinkafa ta tsira." Ya yi dariya ya wuce, maganar kuwa ta zauna mini daram. Na tuna fuskar nan a gindin ɓaure, na ce lallai haka ne.

Injin ya zo bayan kaka, da hanya ta bushe. Aka kafa shi a ƙofar gidan mai gari. Ranar farko mata suka yi ta guɗa, aka jera tuluna tun daga bakin injin har masallaci, kowa tana tsaron layinta. Na tsaya a gefe ina kallon abin da na riga na sani. Garin dutse fari ya yi ta fitowa, ya rufe ganyen dalbejiya, ya rufe gashin idon masu kallo. Rana ta biyu guɗa ta ragu. Rana ta uku da azahar masu injin suka zare ƙarafansu suka ɗaure kaya, akwai wasu ƙauyuka a gabansu. Sai idanu suka dawo kaina, don a sanin mutane ni na nuna wurin. Wani tsoho ya ce, "Injiniya, ina ruwan?" Na buɗe baki zan yi bayanin ƙa'ida da kwamiti, na ga ba wanda zai gane, ni ma ban gane ba. Inna ta ratsa layi ta ɗauki tulunta, ta gyara gammo, ta kama hanyar rafi ba ta dube ni ba.

An ba ni Kande a wannan ranin, kamar yadda aka yi alkawari. Kwana bakwai da tarewa ta bi sahun mata zuwa rafi. Sai da 'yarmu ta fari ta isa ɗaukar ƙaramin tulu kafin wani injin ya sake zuwa, aka haƙa a ƙasan gonar, ruwa ya yi tsiri har ya jiƙa ɓauren. Inna ba ta sha shi ba, ta riga ta rasu. Baba Dudu ma ya rasu kafin nan. Duk tsawon shekarun ina ratse masa a hanya, ina durƙusawa, ina aika masa da goron Salla, da ƙullin nan a cikina. Da ni aka ɗauki makararsa, kuma Allah ya sani ko a ranar ban sake shi ba. Ban taɓa gaya wa Kande ba, don ba a zagin uba a gaban 'yarsa.

Yanzu akwai tanki mai aiki da hasken rana a wurin, yara suna tura jarkoki a baro. Golmo ya zama labari, maganin feshi ya karɓe aikin samari talatin. Ni kuma na yi sauran aikina a daji da turaku, duk inda aka ce taro sai in tura wani.

Jiya Alhamis, bayan la'asar, Kande tana tsince wake a faranti, na ce mata na yanke shawara ba zan je Birnin Kebbi ba. Na tsufa, ban iya maganar manya ba, a nemi yara. Ta ce in dai sake tunani. Ban san abin da ya kwance mini baki ba, sai na ji na ce, "Lokacin da zuwana zai yi amfani ai an hana ni. Da Baba bai zaɓi Larabar nan don ya tsare gonarsa ba, da Inna ta sha ruwan famfo kafin ta mutu."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Malam, mi ka ce?"

Na san na yi ɓaranɓarama.

"Abin da ke cikinka ke nan duk shekarun ga?" Ta ajiye farantin a ƙasa. "Baba bai san da taronku ba sai ran nan da sahe, wani mai keke ya hwaɗa mishi. Ya kira ni, ya ce tunda ni za ni kai kunu gona, in gaya ma Ɗanjuma shi gaya maka ka aje garma ka tahi wurin aikinka. Ya ce ya yahe noman. Ya ce in gonar duka za a ɗauka a ɗauka, ruwa dai shi zo."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ban hwaɗi ba. Ina isa makaɗi ya juya kiɗa kaina, samari sunka ɗau ihu, ga amarya, ga amarya. Na dire ƙwarya na ruga. Da na koma gida ya tambaye ni, na ce na hwaɗi."

Na tuna. Na tuna kiɗa ya canza da hantsi, na tuna ihun, na tuna ban ɗago ba saboda kunya.

"Da ya zo da azahar ya gan ka kana noma, ya ɗauka saƙo ya kai ka ƙi tahiya. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ya ce ma uwata, yaron ga ya hi son mata da ruwan gari. Har ya mutu haka ya ɗauke ka."

Na rasa inda zan sa kaina. Wanda na yi shekaru ina zargi da son gona, shi kuma yana zargina da son kai, muna haɗuwa a hanya cikin ladabi, kowa da nasa a ciki. Na so in ji haushinta, na duba ban same shi ba. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa daga baya.

"Kunya ta, ko tsoro na kar a ce mijina ya gudu daga gona, ni ma ban sani ba. Daga baya kuma abin ya yi mani girma. Duk tahiyar da na yi zuwa rahi da maganar nike zuwa, da ita nike dawowa." Ta share ido da bakin zane, ta ɗauko wayata daga kan tabarma ta miƙo mini. "Ka kira mutumin ga."

Na kira shi na ce ina zuwa. Har yanzu ban san abin da zan faɗa a gabansu ba, ban ma san ko za su saurara ba.

Yau da safe na sa aka kai ni ƙauye a kan babur. Ban tsaya a gidan kowa ba, na wuce maƙabarta. Kaburburan wancan lokacin duk sun baje, ciyawar bara ta rufe su, na yi ta zagaye ban gane nasa ba. Da na gaji na tsaya inda nake zato, na cire takalmi na durƙusa. Ban taɓa yi masa magana baki da baki ba.

Na ce, "Baba, saƙonka jiya ya iso."